Ku Tambaya Mu Amsa: Kayan Adon Kirsimeti na Tangaran

Tambaya: Ina da mala'iku huɗu na tangaran, kowane riƙe da harafi, idan an jera su sai su ba da NOEL, wato Kirsimeti. A ƙasansu "Japan" kawai aka rubuta. Yaya zan gane shekarunsu?

Amsa: Malama, ƙasan nan da kika duba shi ne mafari. Kayan da Japan ta fitar daga 1947 zuwa 1952 sukan ɗauki "Made in Occupied Japan", domin a lokacin ƙasar tana hannun sojojin ƙawance. Naki da alama sun biyo baya, cikin shekarun 1950 ko 1960, sa'ad da kamfanonin Amurka ke sa a yi musu irin waɗannan a Japan: Lefton na Cikago da aka kafa a 1941, Napco na Ohayo tun 1938, da Holt-Howard tun 1949. Holt-Howard yakan buga shekara kusa da sunansa. Lefton da Napco kuwa sun fi dogara da 'yar sitika mai ƙyalli, wadda ke ɓamɓarewa da tsufa. Idan ta faɗi, nemi lambar samfurin da aka buga da tawada, ki gwada da littattafan masu tarawa. Idan sitikar tana nan, kada ki taɓa ta, ita ce shaidarki. Kuma kada ki raba mala'ikun, darajarsu tana cikin cikarsu huɗu.

Tambaya: Na wanke wani Santa da ruwan ɗumi da sabulu, jan rigarsa ya bi ruwa. Jabu ne aka sayar mini?

Amsa: A'a Malam, wannan ma alamar tsohon kaya ce. Jan launi mai haske yana da wuyar jure zafin wutar gasa tangaran, shi ya sa masana'antu da yawa ke shafa shi bayan an gasa kayan, a saman sheƙin. Bai kama jiki ba, ruwa kaɗan ya ishe shi. Ruwan zinarin gefen fukafukan mala'iku shi ma gogewa ke cinye shi.

Nan gaba a kaɗe ƙura da buroshi mai laushi, busasshe. Inda datti ya kafe a farin wuri mai sheƙi, a jiƙa kan auduga kaɗan, a goge wurin kaɗai, a tsane nan take. Kada a tsoma shi cikin ruwa: ramin ƙasansa zai sha, sitika ta jiƙe, datti ya shiga ƙananan tsagar sheƙin ya zama baƙin layi. Kakin kyandir kuma a ɗaga shi da tsinken katako, ba wuƙa ba. Mu dai ba ma goyon bayan sake fenti. Masu saye sun fi son tsohon ja ko da ya koɗe.

Tambaya: Ta yaya ake gane wanda aka gyara?

Amsa: A duba wuya, fukafukai da hannun da ke riƙe kyandir, nan suka fi karyewa. A bi wurin da farce, gam yakan bar ɗan tudu. A ɗaki mai duhu, fitilar ultrabayolet takan nuna gam da sabon fenti da wani haske dabam. Wajen ajiya a naɗe kowane shi kaɗai da takarda marar asid, ban da jarida, don tawadarta na zama a jikin farin tangaran.