Tambayoyinku: Kula da Babban Babur na Doguwar Tafiya a Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Daura, kuma bara na sayi babban babur na hannu, ƙirar Suzuki V-Strom 650, saboda ina yawan zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina, wani lokaci kuma nakan bi ta Kwangwalam in je Damagaram wajen dangin mahaifiyata. Damuwata ita ce masu gyaran da ke kusa da ni da Boxer da Jincheng suka saba. Wani ya yi mini juye da man mota, tun daga ranar kulocin yake sulɓewa idan na murɗa totur, wani kuma ya ɓata rabin yini yana neman kafireta bai same ta ba. Shin zan iya kula da babur ɗin da kaina a gida, kuma ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya albarka a abin hawa. Za ka iya, domin mafi yawan abin da irin wannan babur yake bukata tsafta ce da awo a kan lokaci, buɗe cikin inji kuwa ba kasafai ake kaiwa gare shi ba. Wanda ya nemi kafireta kada ka ga laifinsa sosai, tun da abin da ya sani ke nan. Babur ɗinka ba shi da ita sam, injekta ce take fesa masa fetur, wata ƙaramar kwamfuta kuma take auna yawan man da za a fesa.

Maganar kuloci kuwa tana da dalili. A irin wannan babur, baƙin mai guda ne yake zagaya inji da giya da farantan kuloci, alhali yawancin man mota an zuba masa sinadarin ƙara santsi, wanda yake hana farantan kama juna. Ka nemi man babur mai lamba 10W-40 wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin robarsa, kuma ka tabbata hatimin murfin bai tsinke ba, don jabun mai ya yi yawa a kasuwa. Ka zubar da na ciki, ka canza matatar mai. Sau da yawa kulocin yakan dawo daidai bayan haka, idan kuma bai dawo ba, farantan sun riga sun ƙone, sai canji. Wajen yin juye, ka bar injin ya ɗan ɗumama kafin ka kwance notin ƙasa, sa'an nan idan ka zo mayarwa ka sa sabuwar washa, ka ɗaure da hankali, domin jikin injin alminiyam ne, kuma duk wanda ya taka sifana da ƙafa kamar yadda ake yi a bakin titi, haƙoran ramin zai cinye. Akwai ɗan gilashi a gefen dama na injin da ake duba yawan mai, amma ba ya faɗin gaskiya sai babur yana tsaye a miƙe, ba a karkace ba. Kamfanin ya ce a yi juye duk kilomita 6,000, ni dai a hunturu ba na shawartar kowa ya jira har ya kai haka.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar babur a ƙasarmu, kuma ta wuri biyu take cin sa. Na farko matatar iska, wadda take ƙarƙashin tanki. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta da ruwa ko fetur, kakkaɓe ta ake yi, in ta toshe ko ta yage a sa sabuwa, domin ƙurar da ta tsallake ta kai tsaye cikin silinda take shiga tana gogar fistin. Na biyu sarƙa. Sarƙar Boxer a rufe take cikin kwanso, taka kuwa a fili take, sa'an nan a tsakanin gaɓoɓinta akwai ƙananan zobban roba da suke riƙe giris a ciki. Fetur yana lalata waɗannan zobba, saboda haka da kananzir da burushi mai laushi za ka wanke ta, ka goge ta bushe, ka shafa man sarƙa kaɗan ta ciki. Mai da yawa ba gata ba ne, domin yashi yake kwasa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa a kan haƙoran sifoket. Kada ka kuskura ka goge sarƙa inji yana aiki a cikin giya, mutane da dama sun rasa yatsu ta haka. Sakinta ya kasance tsakanin milimita 20 zuwa 30 idan ka ɗaga ta da yatsa a tsakiya, kuma ka juya tayar ka auna a wurin da ta fi tsauri. Masu gyara da yawa suna ɗaure ta tamau don suna ganin hakan ne kyau, alhali tsaurin yana kashe boris ɗin giya. Ranar da ta ƙare, da ita da sifoket biyu tare ake canzawa.

Lagireto ba a zuba masa ruwan rijiya ko na leda, ruwansa na musamman ake nema, kuma ba a buɗe murfinsa sai inji ya huce. Man birki DOT 4 ne, ana canza shi duk shekara biyu.

Akwai kuma inda ya kamata ka tsaya. Awon bawul da ake yi duk kilomita 24,000, da gyaran injekta, da bin wayoyi idan fitilar FI, wato ta gargaɗin matsala a tsarin injekta, ta kama, ayyuka ne masu bukatar kayan awo da gwanin da ya saba da manyan babura, ko da sai ka kai shi Kano. Ka samu littafin babur ɗin ta intanet, ka kuma ajiye ɗan littafi kana rubuta ranar kowane aiki da kilomitan da agogo ya nuna.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Da damina nakan ajiye babban babur ɗina wata uku ko huɗu ina gona, idan na dawo kuma sai ya ƙi tashi. Yaran gida suna tayar da shi minti biyar duk mako, amma bai hana ba.

AMSA: Alhaji, wannan tayarwar ta minti biyar ita ma tana cikin matsalar, domin wutar da sitata take ja wajen tayar da babban inji ta fi wadda batir zai samu a ɗan lokacin nan yana tsaye. Abin da ya fi shi ne ka cire kan batir, ka fara da baƙar waya, ka ajiye shi a inuwa, kana yi masa caji a hankali sau ɗaya a wata. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 a mita idan ya huta. Ka cika tanki da man gidan mai kafin ajiya, saboda tankin da babu komai a ciki yana tara laima ya yi tsatsa, na 'yan bumburutu kuwa ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Ka toshe bakin salansa da tsumma, ka riƙa leƙa ƙarƙashin kujera, don ɓeraye suna son yin gida a wurin su ci wayoyi. Kafin ka sake hawa, ka cire tsumman, ka auna iskar tayoyi da geji tun suna da sanyi, ka kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen kowace taya: biyun farko makon da aka yi ta ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko da zanenta bai cinye ba, zafin kwaltar bazara a hanyar Kano yana iya fasa ta.