Ku Tambayi Anti: Na kasa wuce shafin farko na tarihin rayuwata

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya, jikoki sun matsa min lallai in rubuta musu tarihina. Na sayi ƙaton littafi na rubuta "An haife ni a garin kaza" sai komai ya tsaya cak, shekarar haihuwar ma ban tabbatar da ita ba tunda lokacinmu ba a rubutawa. Littafin na nan kan tebur yana shan ƙura. Ina mafita?
Tsohon malami, Malumfashi

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiya ni dai shawarata ku rufe ƙaton littafin nan tukuna, shi ne ma yake tsorata ku. Kuma ku bar maganar haihuwa, ai ba wanda ya tuna ranar da aka haife shi, labari ne aka ba ku, shi ya sa alƙalamin ya ƙi tafiya. Ku fara da abin da idonku ya gani.

Akwai wani atisaye da wata mujallar intanet a Amurka mai suna Smith ta yaɗa a 2006, inda ta ce wa masu karatu kowa ya faɗi rayuwarsa da kalma shida kacal, mutane suka yi ta turowa har aka tara aka buga littafi a 2008. Ku gwada shi da Hausa, yana yiwuwa sosai. Misali: "Tallan goro ya biya min makaranta." Ko kuma: "Inna ta rasu ina hanyar Legas." Kun ga na biyun nan ba a ce na yi baƙin ciki ba, ba a ce na yi kuka ba, amma duk wanda ya karanta sai jikinsa ya yi sanyi, saboda an bar masa wurin da zai cike da kansa. Toh ku yi irin wannan guda ɗaya kullum bayan sallar asuba kafin gida ya kaure da hayaniya, in shida ta yi muku kaɗan ku kai goma, ba jarrabawa ba ce.

In hannu ya faɗa sai ku koma na biyu, wanda ni na fi so. A saman takarda ku rubuta "Na tuna", ku ƙarasa jimlar, ku sauko layi na gaba ku sake rubuta "Na tuna", haka haka har minti goma ba gogewa ba gyara ba tsayawa tunanin wanne ya riga wanne. Na tuna warin tawadar allo. Na tuna albashina na farko da abin da na saya wa mahaifiyata da shi. Na tuna yaron da ke zuwa aji da ƙaninsa goye saboda ba mai riƙe shi a gida. Dan Allah Baba ku guji irin su "mun sha wahala" da "zamanin da ya fi albarka", jikokinku sun ji wannan har sun haddace, abin da ba su sani ba shi ne nawa ne kuɗin mota zuwa Funtuwa a lokacin, wane ne ya ranta muku, wane irin takalmi ne a ƙafarku ranar da kuka fara shiga aji.

Batun shekaru kuwa kar ya dame ku, ku jingina kowane labari da abin da ƙasa ta sani. An koma tuƙi a hannun dama a 1972, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a watan Janairun 1973, a shekarun nan ne kuma aka yi farin nan da ya kashe dabbobi, kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, 1974, aka kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, a shekarar ce kuma aka buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ku malamai kun fi kowa saninsa, sai canjin kuɗi na 1984. Ku tambayi kanku ina nake ranar da aka kashe Murtala, na yi aure ko tukuna, sai ku ga shekarun suna jera kansu. Kowane guntu a takardarsa daban, ku zuba a ambulan, da yayyafi kogi kan cika. Ranar da suka kai arba'in ko hamsin sai ku kira jika ɗaya ku baje su a tabarma ku jera, daga nan ne za a kwafe cikin ƙaton littafin.

Tambaya: Anti ni matar aure ce, ban yi boko mai zurfi ba, ba inda na taɓa zuwa. Ina sha'awar rubutun nan amma me zan ce? Kuma ina tsoron tona asirin gidanmu.
Maman biyu, Maraɗi

'Yar uwa wallahi wannan magana ta "me zan ce" tana min ciwo, don mata da yawa haka suke faɗa. Akwai wata tsohuwa a ƙasar Zazzau da ake kira Baba ta Karo, ba ta yi boko ba, ta zauna ta ba wata Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, kuma har yau masu bincike a jami'o'in duniya da shi suke fahimtar yadda matan Hausawa suka rayu kafin zuwan Turawa da bayansa. Me ta faɗa? Aure, zaman kishi, ƙawance, goyo, bikin suna, irin abubuwan da ke kike ganin ba komai ba ne.

Ki ɗauki abu ɗaya a ɗakinki, kwallar da kika gada ko zanen da kika ƙi kyautarwa, ki rubuta layi biyar a kai, daga ina ya zo, wa ya ba ki, me ya sa har yanzu yana nan. In rubutun na ba ki wuya ki yi magana a waya ki naɗa, minti biyu ya isa, daga baya a kwafe miki.

Tsoron tona asiri kuma yana kan hanya, ban ce ki watsar da shi ba. Ki rubuta abin da ya same ki ke da yadda kika ji, laifin wani ki bar masa, in dole sai ya shigo ki canza suna da gari. Ki raba rubutun gida biyu, wanda yara za su karanta da wanda naki ne ke kaɗai, na biyun ki sa a ƙasan akwati, kuma kar ki ɗora ko ɗaya a Facebook ranar da kika rubuta shi, ki bari ya kwana bakwai ki sake karantawa tukuna.