Amsa: fari ne ya fito da kifi tudu?

Malam, ka tambaya ko ƙafewar tafkuna ce ta sa kifaye suka yi ƙafafu. Wannan tsohon ra'ayin Alfred Romer ne, masanin ƙasusuwan dabbobin zamanin da, amma ƙasusuwan da aka tono ba su goyi bayansa ba. Acanthostega, wani daɗaɗɗen jinsin dabba mai ƙafa huɗu da aka samo ƙasusuwansa a tsibirin Girinlan, ya rayu kimanin shekara miliyan 365 da suka wuce, yana da yatsu takwas a ƙafar gaba, kuma har lokacin a ruwa yake numfashi irin na kifi. Gaɓoɓinsa ba za su ɗauki nauyinsa a tudu ba. Ke nan a ruwa ƙafa ta fara, wurin kutsawa cikin fadamu marasa zurfi, inda ruɓaɓɓen ganyen dazuzzukan farko ke rage iskar shaƙa. Huhu kuwa ya riga ƙafa, kamar yadda gaiwa take da shi har yau.