Amsa ga mai tambaya kan cin kawa (oyster, wata halittar ruwa mai ɓawo) a gidan abincin bakin ruwa a Legas

Ƴar'uwa kin ce an gayyace ki Lekki kuma kina shakkar halaccin kawa da kaguwa, to a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, Hanafiyya ce ta tsaya kan kifi kawai. Ni damuwata ɗanyar kawar nan da ake jerawa kan ƙanƙara da lemon tsami, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar Vibrio kuma lemon ba ya kashe ta, in kina da juna biyu ko ciwon hanta don Allah ki ce a gasa miki. Sannan ki tambayi weta ko sun zuba giya a romon, wasu wuraren suna yi. Jatan lande da yaji dai kar ki bari ya wuce ki wallahi.