Amsoshin Tambayoyi: Gyaran Tsofaffin Hotunan Gida da Sa Musu Kala

Tambaya: Assalamu alaikum. Hoton marigayi mahaifinmu guda ɗaya tal ya rage mana, baƙi da fari, yana sanye da rawani. Ya karye a tsakiya, gara kuma ta ci gefensa. Na sa shi a manhajar gyaran hoto ta Remini, ya fito tas kamar jiya aka ɗauka. Amma da na nuna wa Hajiyarmu sai ta ce wannan ba mijinta ba ne. Mu Gobirawa ne, tsagar fuskarsa ma ta ɓace. In biya kuɗin manhajar don ta ƙara kyautata shi, ko in kai wa mai gyaran hoto? Daga mai karatu a Sabon Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Malam, Hajiya ta yi gaskiya, kuma kuɗi ba zai sauya komai ba, don haka ka riƙe abinka.

Irin waɗannan manhajoji ba tono abin da ya ɓuya a hoto suke yi ba. Inda suka tarar da dishi-dishi, sai su cike wurin da abin da suka koya daga ɗimbin fuskokin wasu mutane: ido daga nan, haƙori daga can, fata sumul. Shi ya sa hoton yake fitowa da kyau, mai hoton kuma ya tafi. A 2020 an gwada wata fasaha mai suna PULSE, wadda masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka haɗa, da wani hoton Barack Obama da aka dusashe da gangan, sai ta fito da fuskar Bature. Idan Obama da duniya ta san fuskarsa bai tsira ba, ina ga dattijon Gobir?

Maganar tsaga ita ta fi damuna. A wurin na'ura, layin da ke kan kunci da karcen da ke kan takarda duk ɗaya ne, sai ta share su tare. Alhali tsagar nan ita ce za ta gaya wa jikokinka daga ina kakansu ya fito, a zamanin da galibi an daina yi wa yara. Haka take yi wa bille, da tabon sallah a goshi, da wushirya. Wani lokacin har hasken fata take ƙarawa, ta fitar da baƙin mutum wankan tarwaɗa.

Ka kai wa mai gyara da hannu, wanda ke aiki da manhajar kwamfuta irin Photoshop ko GIMP, amma da sharaɗi. Da farko a yi wa hoton sikanin a gabanka, a kan dpi (ma'aunin ingancin sikanin) 600 aƙalla, in ƙarami ne irin na fasfo a kai 1200. A ajiye shi a tsarin TIFF, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, a ba ka wannan kwafin da ba a taɓa ba a filashi, ka koma gida da hotonka na asali a ranar. Kada ka bar shi ya kwana a shago. Sannan ka faɗa masa ƙarara: ya ɗinke karayar, ya cike inda gara ta ci a bango da tufafi, fuska kuwa ya cire ƙura da karce kawai. Masu shago da yawa yanzu manhajar da ka gudu ita suke dannawa su karɓi kuɗin aikin hannu, saboda haka ka nemi ya nuna maka tsohon da sabon kafaɗa da kafaɗa, a zuƙo fuskar. Kada ka cika kuɗi sai Hajiya ta gani ta ce shi ne. Duk garin nan babu ƙwararren da ya kai ta sanin wannan fuskar.

Tambaya: Ina so in sa wa hoton auren iyayenmu kala in ba su kyauta. Kalar da ke fitowa ita ce ta ainihin kayan da suka sa ranar? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, a'a, kintace ne. Fim ɗin baƙi da fari haske da duhu kaɗai yake kamawa, ta yadda jan zane da koren zane suna iya fitowa toka-toka iri ɗaya. Manhaja takan dace a kan sararin sama da ganyen bishiya, domin kowa ya san launinsu. Da ta zo kan kayanmu sai ta rikice. Rawanin turkuɗi mai ƙyallin shuni tana iya mai da shi ruwan ƙasa, saƙi ya koma wani abu daban, lallen amarya kuma ta ɗauke shi inuwa. Kamfanin MyHeritage, da ya fito da nasa tsarin sa kala a 2020, shi da kansa yana liƙa wata 'yar alama a kusurwar hoton don a san kalar ta na'ura ce.

Duk da haka ban hana ki ba, kyauta ce mai daɗi. Kuma kin yi sa'a iyayenki na raye. Ki zauna da Mama ki tambaye ta launin atamfar da na ɗankwalin, da wuya mace ta manta kayan aurenta. Ki rubuta, ki kai wa mai gyara ya bi da hannu. Idan za a wanke, a wanke biyu, mai kalar da baƙi da farin, a rubuta a bayan mai kalar cewa an sa masa launi a shekara kaza.

Hotunan kala na shekarun 1970 da 1980 da suka koma ja-ja, su nasu daban ne. Launin yana nan, sinadarin shuɗin ne ya riga sauran koɗewa, kuma daidaita shi a kwamfuta aiki ne mai sauƙi da bai kamata a tsuga miki kuɗi a kai ba.

Tambaya: Ambaliyar Satumban 2024 ta shiga gidanmu. Hotunan da muka tsamo sun bushe sun manne da juna, wani kuma ya manne da gilashin firam. Akwai dabara? Daga Maiduguri.

Amsa: Allah ya mayar muku da alheri, ya kiyaye gaba. Kada a ɓamɓare su a bushe, fuskar hoton za ta bi bayan ɗan'uwansa. Ku fara ɗaukar duk abin da ke bayyane da waya. Hotunan da aka wanke a situdiyo sukan rabu idan aka jiƙa su a ruwa mai tsabta mai sanyi suka saki da kansu, amma akwai kasada, domin wanda ruwan ambaliya ya riga ya ci yana iya narkewa. Ku gwada da ƙullin da bai fi muhimmanci ba. Wanda ya rabu a shanya shi a inuwa kan farin ƙyalle, fuska sama, ban da rana, ban da dutsen guga. Na gilashin kuwa a bar shi yadda yake, a yi masa sikanin ta cikin gilashin.

Tambaya: In sayi sikana ko waya ta wadatar? Kuma in yi wa na asalin laminatin? Daga Maraɗi.

Amsa: Idan hotunan ba su wuce cikin albom ɗaya ba, kada ka sayi komai, ka kai shagon da ke da sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi. Sai in akwati guda ne na dangi kaf, to a haɗa kuɗi a saya. Waya tana maganin gaggawa: manhajar PhotoScan ta Google kyauta ce, tana ɗaukar hoto ta kusurwoyi da yawa ta cire ƙyallin haske. In da kyamara zalla za ka ɗauka, ka fita inuwa da hantsi, ka kashe fitilar wayar. Wajen aika wa dangi ta WhatsApp, ka tura ta wurin tura fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta rage ingancinsa. Ka kuma tuna cewa yawancin manhajojin gyara suna ɗora hoton ne a kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, don haka hotunan matan gida a nemi yardarsu tukuna. Masu cewa gwajin kyauta kuma, a duba da kyau, da yawansu suna fara cirar kuɗi daga kati kowane mako da zarar kwanakin sun cika.

Laminatin kuwa kada ka kuskura. Zafi da gam ne, ba ya fita, kuma idan danshi ya shiga ta gefe shi ke nan. Haka ma salatif, yana barin tabo rawaya. In ana son na ratayewa a falo, a wanke sabon kwafi a yi masa. Na asalin a sa farar takarda tsakanin kowane biyu, a ajiye a akwati nesa da ƙasa da bangon da ke tsatsafo da damina, a rubuta sunayen mutanen da shekarar a baya da fensir, tun masu gane su suna nan.