Me ake koyo a digirin adabin Ingilishi, wasan kwaikwayo da al'adu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na samu gurbin karatu a jami'a a fannin adabin Ingilishi, wasan kwaikwayo da al'adu. Na zaɓe shi ne domin Turancina ya goge, amma wata da ta riga ni shiga ta ce mini ba nahawu ake koyarwa ba. Mahaifina kuma yana tambaya ko hawa dandamali zan riƙa yi, da kuma al'adun su wa za a koya mini. Ina neman ƙarin bayani kafin a fara zangon karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Wadda ta gaya miki haka ta faɗi gaskiya. Sashen adabi yana ɗauka cewa ɗalibi ya zo da harshen a hannunsa, kuma abin da zai koya masa shi ne yadda ake karanta rubutu a tsanake, a gano yadda aka gina shi, sannan a kafa hujja a kan abin da aka gano. Turancinki zai goge, babu shakka, domin wanda ya shekara uku ko huɗu yana karatu da rubuta maƙala kowane mako dole alƙalaminsa ya yi kaifi, sai dai wannan riba ce da ake tsinta a hanya.

Yawancin jami'o'i suna fara bin tarihin adabin ne daki-daki. Za ki haɗu da waƙar Beowulf, wadda aka rubuta da tsohon Ingilishin da Baturen yau ma ba ya fahimta sai an koya masa, sannan mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, bayan harshen ya sha kalmomin Faransanci sakamakon mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066. Daga nan sai Shakespeare da Milton, sai bunƙasar ƙagaggen labari a ƙarni na 18 da na 19, har a iso ga marubutan Afirka, Indiya da tsibiran Karebiyan da suka ɗauki harshen suka yi nasu aikin da shi. Kada yawan sunayen ya firgita ki, ba haddace su ake nema ba.

Inda sababbin ɗalibai suka fi shan wahala shi ne tarke, wato nazarin rubutu dalla-dalla da yanke hukunci a kansa bisa hujja. A shekarun 1920, wani malamin Jami'ar Kambirij mai suna I. A. Richards ya riƙa raba wa ɗalibansa waƙoƙi ba tare da sunan mawaƙi ko shekarar rubutawa ba, ya nemi su faɗi abin da suka gani, kuma ya tattara sakamakon a littafinsa Practical Criticism a 1929. Abin da ya bayyana shi ne, masu ilimi da yawa suna yanke hukunci ne da abin da suka riga suka ji ana faɗa, idan aka cire musu sunan marubuci sai su rasa madafa. Har yau wannan horo yana nan a azuzuwan adabi. Idan kika rubuta cewa waƙa tana da ban tausayi, malami zai tambaye ki wace kalma ce, a wane ɗango, ta kawo tausayin, kuma me zai sauya da mawaƙin ya zaɓi wata. Sake ba da labarin littafi a takardar jarrabawa ba ya kawo maki mai yawa, domin mai dubawa ya riga ya san labarin. Jigo, salo, zubi da tsari, da dalilin da ya sa marubuci ya ba wani tauraro baki ya hana wani, su ne abin nema.

Game da wasan kwaikwayo, ana nazarinsa ne a matsayin rubutun da aka yi domin a gani a kuma ji. Gidan wasa na Globe da aka gina a Landan a 1599, inda aka riƙa nuna wasannin Shakespeare, ba shi da rufi a tsakiya, da rana ake wasa a cikinsa, kuma kayan ƙawata dandamali kaɗan ne, shi ya sa taurarin Shakespeare suke faɗa da bakinsu cewa dare ya yi, ko su shigo riƙe da wuta. Yara maza ne suke fitowa a matsayin mata, domin mata ba su fara hawa dandamalin sana'a a Ingila ba sai a 1660, bayan an sake buɗe gidajen wasan da majalisa ta rufe a 1642. Ɗalibin da ya san wannan zai karanta wasan da wani ido dabam. Shin dole ne ki fito a wasa? Wannan ya danganta da tsarin sashenku. A wasu wurare nazari ne zalla a aji, a wasu kuma akwai darasin aiki a aikace, wanda a cikinsa ma akwai rubuta wasa, ba da umarni, tsara sutura da haske, ba fitowa kaɗai ba. Ki nemi littafin jagora na sashen, ki duba kwasa-kwasan dole da na zaɓi, ki nuna wa mahaifinki, don hankalinsa ya kwanta a kan abin da yake rubuce.

Tambayarsa ta biyu ita ce ta fi nauyi. Nazarin al'adu a matsayin fanni ya samu gindin zama ne a Jami'ar Birmingham, inda Richard Hoggart ya kafa cibiyarsa a 1964, daga baya Stuart Hall, haifaffen Jamaika, ya jagorance ta. Ra'ayinsu, wanda masanin adabi Raymond Williams ya share wa fage, shi ne al'ada ta ƙunshi dukkan yadda jama'a suke rayuwa, don haka jarida, talla, fim da shirin talabijin sun cancanci irin binciken da ake yi wa waƙa: wa ya shirya su, don wa, kuma wane tunani suke cusawa ba tare da an lura ba. A ganina wannan ilimi ya fi zama garkuwa ga mai shi a kan ya zama hanyar narkewa cikin al'adar wasu. Chinua Achebe, wanda ya karanci adabin Ingilishi a digirinsa na farko, ya tsaya a wata jami'a a Amurka a 1975 ya warware yadda Joseph Conrad ya siffanta 'yan Afirka a Heart of Darkness, yana kawo hujja daga jimlolin littafin kansa, kuma tun daga lokacin da wuya a koyar da littafin ba a ambaci wannan suka ba. Kafin nan, a 1968, marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu sun nemi a rushe Sashen Ingilishi na jami'ar Nairobi, a kafa wanda zai sa adabin Afirka a tsakiya. Irin wannan muhawara tana cikin manhajar da za ki karanta, kuma ana sa ran ki ɗauki matsayi a cikinta.

Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne yawan karatun. Ba abin mamaki ba ne a buƙaci ki gama littafi guda a mako a kwas ɗaya kawai, ga sauran suna jira, saboda haka ki nemi jerin littattafan zangon farko tun yanzu ki fara. Ki riƙa karatu da fensir a hannu, kina rubuta lambar shafin duk abin da ya ɗauki hankalinki, domin da shi za ki kafa hujja a maƙala. Wasan kwaikwayo da waƙa kuwa ki karanta su da murya, ko ki haɗu da abokan karatu ku raba taurarin a tsakaninku. Taƙaitattun bayanai da ake samu a intanet suna iya taimakawa bayan kin karanta littafin, amma kwafe su cikin aikinki ba tare da ambaton mai su ba satar fasaha ce, kuma jami'o'i suna hukunta ta da soke maki, wani lokaci har da kora.