Maigida na son katifa mai tauri, ni mai laushi nike so: wace za mu saya?

'Yar'uwa, wanga matsala gidaje da yawa suna da ita, kuma ba sai ɗayanku ya haƙura ba. Akwai katifar lateks, wato roba, wadda rigarta ke da zif, in kin buɗe za ki ga cikin an raba shi biyu, gefen maigida a sa shimfiɗa mai tauri, naki a sa mai laushi, in daga baya baki ji daɗi ba shimfiɗar sama kaɗai za ki canza ba katifar duka ba. A lateks ɗin, irin da ake kira Dunlop ya fi tauri, irin da ake kira Talalay ya fi laushi da tsada.

Katifar da ake kira ibrid kuma sifirin ne a ƙasa, wato murɗaɗɗen ƙarfe, kowane cikin ɗan aljihunsa, da lateks ko soso a sama, shi ya sa in maigida ya tashi sallar asuba motsin bai kai gefenki sosai. Ni dai don zafin Yamai na Afrilu da Mayu, ga wuta tana ɗaukewa cikin dare, ibrid mai lateks a sama zan zaɓa saboda iska na ratsa sifirin. Soson nan mai lotsawa da siffar jiki ki bar shi, zafi yake riƙewa wallahi.

In baki samu mai zif ba, ki sayi katifa biyu masu faɗin santimita 90 da tsawon 200, mai tauri da mai laushi, a gado mai faɗin 180 sun cika daidai, amma kaurinsu ya zama ɗaya.

A kasuwa ki ɗaga ta ki ji, lateks na gaskiya nauyi gare shi, wasu soso ne kawai suke kira lateks. Kuma kar ki shanya ta a rana, tana lalata robar.